Yaya rayuwar ɗan mishan take a ƙasar da ba tasa ba?

Tambaya: Ni uwa ce, ina cikin zumuntar mata a ikilisiyarmu. 'Yata ta fari nas ce, mijinta fasto ne, suna da yara biyu ƙanana. Wata ƙungiyar mishan ta karɓe su, za ta aike su Chadi. Na sa musu albarka, amma zuciyata ba ta kwanta ba. Me ɗan mishan yake yi daga safe zuwa dare? Wa'azi ne kullum? Wa zai ciyar da su, ina yaran za su yi karatu, kuma ransu ba ya cikin haɗari?

Amsa: Mama, sannu da ƙoƙari. Ubangiji ya saka miki da kika sa musu albarka tun zuciyarki ba ta gama kwanciya ba. Na daɗe ina koyar da masu shirin fita aikin mishan, ina kuma bin waɗanda suka fita domin in ga lafiyarsu da ta aikin, saboda haka zan gaya miki abin da na sani, mai daɗi da mai ɗaci.

Yawancinmu in an ce ɗan mishan, abin da ke zuwa mana a rai shi ne mutum tsaye a bakin kasuwa da Littafi a hannu, jama'a sun kewaye shi. Akwai wannan a wasu wurare, amma ɗan kaɗan ne cikin mako. Abin da ya fi cin ransa da lokacinsa shi ne zama da mutane har su daina ganinsa baƙo mai wucewa, su fara lissafa shi cikin mutanen unguwa. Wannan kuwa ba ya samuwa sai da harshe, shi ya sa zan fara daga nan.

A Chadi Faransanci da Larabci su ne harsunan gwamnati, amma Larabcin da ake ciniki da shi a kasuwar Njamena ko Abeche irin wanda muke ji a bakin Shuwa na Borno ne, ya sha bamban da na littafi. Bayan waɗannan akwai harsuna fiye da 100 a ƙasar. Surukinki, wanda a gida yake riƙe majami'a awa guda ba wanda ya motsa, zai shafe shekara ɗaya ko biyu yana zama gaban malamin harshe kowace safiya, awa uku ko huɗu, yana rubuta kalmomi a ɗan littafi. Da yamma ya fita wurin mai shago ko mai shayi ya gwada jimla biyar ɗin da ya koya, yara su yi masa dariya, ya koma gida kansa na ciwo. Zai zama kamar yaron da ke koyon magana, ga shi da gemu da takardar digiri. A abin da na gani, wannan ya fi zafin rana wahalar da fastocinmu. Ba mai ce masa Baba Fasto, ba mai ba shi kujerar gaba, kuma in ya zauna rubuta rahoto ga ikilisiyar da ta aike shi ba shi da abin ƙirgawa. Su kuma a gida tambayar farko ita ce, rayuka nawa aka samu?

Akwai wani tarko a nan da ya shafe mu 'yan Najeriya musamman. A Njamena akwai Hausawa da suka zauna tun zamanin da mahajjata ke bin wannan hanya da ƙafa zuwa Makka, akwai kuma 'yan kasuwarmu da ma'aikata. Mai jin Hausa da Turanci zai iya rayuwa a cikinsu ba tare da ya sha wuyar sabon harshe ba. Cikin wata shida zai iya tara 'yan Najeriya masu bi, ya buɗe sujada, ya aiko hotuna, kowa ya yi murna. Kiwon 'yan'uwa da ke baƙunta aiki ne mai kyau, ban raina shi ba. Amma in an aiki mutum ga wata al'umma ya ƙare a cikin mutanen garinsu, to bai isa inda aka aike shi ba ko da ya ƙetare iyaka. Ki ƙarfafa su su jure wa harshen. Ki kuma tabbatar ƙungiyar ta ware wa 'yarki nata lokacin koyo, don sau da yawa akan biya wa miji malami a bar matar da girki da reno, ta yi shekaru a ƙasa ba ta iya hira da maƙwabciyarta ba. Wannan zalunci ne ga matar, asara ce kuma ga aikin.

Mu da muke karanta Littafi Mai Tsarki da Hausa mun ci moriyar irin wannan haƙuri. Dokta Andrew Stirrett na ƙungiyar mishan ta SIM ya iso ƙasarmu a 1902, Dokta Walter Miller na CMS, ƙungiyar mishan ta Angilikan, ya zauna a Zariya a 1905, amma cikakken Littafi Mai Tsarki na farko da Hausa bai fito ba sai 1932. Shekarun da ke tsakani sun tafi ne a zama da malamai da 'yan kasuwa, ana tambaya, ana gyara, ana sake tambaya.

To, ga yadda yini yakan kasance. In suna unguwar Musulmi, kiran sallar asuba ne zai riƙa tashe su, kuma da yawa daga ma'aikatanmu sun mai da wannan lokaci na addu'arsu da karatun Littafi, kafin yara su farka, kafin rana ta yi zafi. Daga nan sai hidimar da kika sani: ruwa, wanda mai yiwuwa saye za su yi daga masu tura shi a kura, a tace ko a tafasa, shara, kasuwa, wanki. Wuta ba abar dogara ba ce, daga Maris zuwa Mayu kuma zafi yakan wuce digiri 40, a kwana a tsakar gida cikin gidan sauro. Abinci ba zai ba su mamaki sosai ba, tuwon gero ko dawa ne da miyar kuɓewa, da shayi mai kauri mai zaƙi. Wani yini guda zai ƙare a ofis ana bin takardar izinin zama, domin Chadi ba ta cikin ECOWAS, kuma 'yarki sai hukumomin lafiya na can sun amince da takardunta kafin ta taɓa majinyaci a asibiti. Wani yinin kuma babur ne ya lalace, ko yaro ya kwana da zazzaɓi.

Bayan la'asar ne abin da nake kira zuciyar aikin yake farawa, wato ziyara. Zumunci a ƙafa yake, a can ma haka ne. Surukinki zai zauna a tabarma da maza, a sha shayi, a yi zancen farashin gero da damina da siyasa. Zai je gaisuwar mutuwa, ya je suna, ya je duba marar lafiya, ya taimaka a ɗora jinka. A irin wannan zama ne wata rana wani zai tambaye shi, ku Kirista me kuke cewa game da mutuwa, ko me ya sa ba ka dukan matarka, ko ya ce ka yi wa ɗana addu'a. Daga nan magana ke buɗewa, sau da yawa da dare, mutum ɗaya, a ɗaki, ana karanta Bishara sannu a hankali. 'Yarki kuwa za ta shiga ɗakunan da mijinta ba zai taɓa leƙawa ba har ya bar ƙasar. Mata za su kawo mata jariri mai gudawa, za a buga mata ƙofa da tsakar dare don naƙuda ta tsananta. A wurare da yawa da na ziyarta, matar ce aka fara yarda da ita, mijin ya shiga ta ƙofar da ta buɗe.

A nan ina da magana mai nauyi, ina so ki isar musu. Magani ba abin ciniki ba ne. Ranar da majinyaci ya ji cewa sai ya saurari wa'azi ko ya nuna alamar tuba kafin a kula da shi da kyau, ranar an ɓata sunan Almasihu, an kuma ci amanar mutumin da ya zo cikin rauni. A yi jinya da dukan zuciya ga kowa, a faɗi gaskiyar dalilin zuwa in an tambaya, a yi addu'a da wanda ya yarda, a bar wanda bai yarda ba cikin mutuncinsa. Maƙwabtansu Musulmi mutane ne masu addini da tunani, da yawansu za su nuna musu karamcin da zai sa su kunya, kuma yawancinsu za su ci gaba da zama Musulmi. Wanda ba zai iya ƙaunar maƙwabcin da ba zai taɓa bin bangaskiyarsa ba, bai shirya wa wannan aiki ba.

In kina son ganin yadda wannan yake a aikace, ba sai kin je nesa ba. A Galmi, garin albasa da ke tsakanin Birnin Ƙonni da Madawa a Nijar, SIM ta buɗe asibiti a 1950. Har yau likitoci da nas-nas daga ƙasashe daban-daban suna barin gidajensu su zauna a can, suna aiki tare da 'yan Nijar, ana kawo musu majinyata har daga Najeriya. Yininsu zagayen gadaje ne da safe, tiyata, haihuwa mai gardama, yara masu zazzaɓin cizon sauro da tamowa in damina ta yi nisa, da koyar da matasan likitocin Afirka aikin tiyata. A Maradi kuma wani ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, ya zo a farkon shekarun 1980 da aikin dashen itatuwa, yawancin abin da ake dasawa yana mutuwa. A 1983 ya lura cewa ƙananan tsiron da manoma ke sassabewa a gona daga kututturen itatuwa masu rai suke fitowa, in aka rage su aka bar masu ƙarfi sai su koma itace. Ya yi shekaru yana bin ƙauyuka yana lallashin manoma, ana yi masa kallon wanda bai san noma ba. Abin da ake kira sassaben zamani ke nan, wanda ya bazu a miliyoyin kadada a Nijar, har aka ba shi lambar yabo ta Right Livelihood a 2018. Shi ma ɗan mishan ne, yawancin kwanakinsa kuwa a gona suka ƙare.

Yanzu batun ci da sha, wanda na san shi ne ke hana ki barci. Tsari ya bambanta. EMS da aka kafa a 1948, wato hannun mishan na ECWA, ikilisiyoyi da masu tallafi ne ke ɗaukar nauyin ma'aikatanta, ana ba su ɗan alawus. Wasu ƙungiyoyi, irin su CAPRO da ta faro a Zariya a 1975, sun ginu a kan dogara ga Allah ta hannun abokan aiki da suka yi alkawarin bayarwa. Ko wanne ne, kuɗin kaɗan ne, kuma yakan makara. Ga wanda ke ƙasar waje akwai ƙarin ciwo: tallafinsa da naira yake zuwa, amma haya da gero da magani da sefa yake biya, sefa kuwa a ɗaure take da yuro. Kafin Yuni 2023 dala ɗaya a farashin gwamnati wajen naira 460 ce, farkon 2024 ta wuce 1,500. Iyalin da ikilisiya ke aika wa adadi ɗaya kowane wata sun wayi gari kuɗin ya rasa fiye da rabin ƙarfinsa, alhali a littafin ma'aji ba abin da ya ragu. Na ga ma'aikata masu aminci sun janye yara daga makaranta saboda wannan, ba su kuma faɗa wa kowa ba don kada a ce ba su da bangaskiya.

Shi ya sa nake jin zafi in na ga an yi babban taron aikewa, an ɗora hannu, an yi kuka, an tara baiko mai yawa rana ɗaya, bayan wata takwas kuma ba wanda ya tuna. Ikilisiyar Antakiya da ta keɓe Barnaba da Shawulu ita ce suka koma wa suka ba da labari, Bulus kuma ya yaba wa Filibiyawa domin sun aika masa da taimako ba sau ɗaya ba. Aikewa alkawari ne na shekaru. Gaskiya ne Bulus ya yi sana'ar ɗinkin tanti tare da Akila da Biriskila, kuma aikin nas na 'yarki zai iya rage musu nauyi in doka da ƙungiya sun yarda. Amma kada wannan ya zama hujjar da ikilisiya za ta zare hannunta. Su ma a can za a ɗauke su masu kuɗi, tunda baƙi ne da suka zo daga Najeriya. Kusan kullum wani zai zo neman rance ko kuɗin magani, sai sun koyi yadda za su bayar ba tare da sun mai da abokai mabarata ba, da yadda za su ce babu ba tare da sun yanke zumunci ba.

Jikokinki. Turawan mishan sun warware batun karatun 'ya'yansu da makarantun kwana, irin su Hillcrest a Jos da aka buɗe a 1942 da Kent Academy a Miango, kuma da yawa daga waɗannan yara sun girma suna faɗin irin kewar da suka sha da aka raba su da iyaye suna ƙanana. Mu ɗauki darasi. Tunda naki ƙanana ne, shawarata su tafi da su, su shiga makarantar Faransanci ta gari, uwar ta riƙa ƙara musu Turanci da Hausa a gida. Yaro zai kama harshe kafin iyayensa, har ya riƙa yi musu tafinta. Matsalar tana zuwa ne wajen sakandare, lokacin da za a zaɓa tsakanin tsarin Faransa da komawa gida domin WAEC da JAMB. A fara wannan shawara tun yaro yana aji uku ko huɗu na firamare. Ki kuma shirya zuciyarki: za su dawo hutu suna jin kansu baƙi a gidanki, suna kewar Chadi. Kada ki yi musu faɗa a kan haka.

Haɗari akwai shi, ba zan ɓoye miki ba. Cikin samari uku da suka fara SIM a 1893, Walter Gowans da Thomas Kent sun mutu a 1894, Rowland Bingham kaɗai ya koma gida. A zamaninmu, an ƙona majami'u da dama a Damagaram da Yamai a Janairun 2015. An sace ɗan mishan Ba'amurke Jeffery Woodke a Abalak ta Nijar a 2016, bai sami 'yanci ba sai 2023, an kuma ɗauke Fada Pier Luigi Maccalli a kudu maso yammacin Nijar a 2018, aka sake shi a 2020. Yankin Tafkin Chadi da hanyar Gamboru sun sha fama da Boko Haram, gabashin Chadi kuma ya cika da 'yan gudun hijira tun da yaƙin Sudan ya ɓarke a Afrilun 2023. Duk da haka, abin da zai fi kai musu hari a zahiri shi ne zazzaɓin cizon sauro, taifod da haɗarin mota. Gidan sauro, tsabtataccen ruwa, rigakafi da ƙin tafiyar dare suna kare rai fiye da yadda mutane suke zato. Sai kuma kame baki a intanet. Kada ke ko wani a ikilisiya ya sa sunan garin da suke, ko hoton wanda ya ba da gaskiya, a Facebook ko a rukunin WhatsApp. Wanda ya bi Almasihu daga gidan da ba na masu bi ba yana iya rasa mata, gado da wurin kwana, hoto ɗaya kuma ya isa ya jawo masa abin da ya fi haka.

Abin da ya fi dawo da ma'aikata gida kafin lokaci kuwa ba bindiga ba ce. Kaɗaici ne, da saɓani da abokan aiki, da aure da ya yi tsami ba mai sasantawa, da gajiyar shekaru ba a ga amfanin da za a nuna ba. Mutumin da kowa ke kawo wa damuwarsa ba shi da wanda zai kai wa tasa. Akan sami mata da miji suna murmushi a wasiƙar addu'a alhali sun yi mako ba su yi wa juna magana mai daɗi ba. Maganin wannan shi ne ziyara daga shugabanni, hutu na gaske, da abota da masu bi na ƙasar. Chadi ba fili ba ne da babu ikilisiya. Kudancinta, wajen Mundu da Sar, cike yake da Kirista, akwai fastoci da masu bishara 'yan ƙasa da suka riga surukinki sanin wurin nesa ba kusa ba. In ya je da tawali'u ya zauna ƙarƙashin shawararsu, zai sami iyaye a can. In ya je da halin nan namu na cewa mu 'yan Najeriya mun iya, zai sha wuya shi kaɗai. Kuma tun ranar farko ya riƙa tunanin wanda zai miƙa wa aikin, don taron da ba ya tsayawa sai baƙo yana nan bai kafu ba tukuna.

Ga abin da zan so ki yi kafin su tashi. Ki ɗauki dattijo ɗaya ko biyu na ikilisiya ku je ku zauna da shugabannin ƙungiyar, cikin ladabi, ku yi tambayoyi a fili. Nawa ne tallafin wata, wa ya yi alkawarinsa, kuma za a riƙa lissafa shi da sefa ko da naira? In ɗayansu ya kwanta ciwo mai tsanani, wane asibiti za a kai shi, wa zai biya? Wata nawa aka ware domin harshe, har da na 'yarki? Wa zai tarbe su, akwai wasu ma'aikata kusa? Sau nawa shugaba zai ziyarce su, bayan shekara nawa za su zo hutu, kuma in gari ya rikice wa ke da ikon cewa su fito? Ƙungiyar kirki za ta ji daɗin waɗannan tambayoyi, ta amsa su a rubuce. In aka ce muku ku dai ku ba da gaskiya kawai, ku nemi a dakata da tafiyar har a sami amsa.

Bayan sun tafi, ki sa rana ɗaya a mako ta kira, ki riƙe ta. In kin kira, ki tambayi 'yarki me ta ci, tana barci kuwa, wace ce ƙawarta a unguwa, kafin ki tambayi labarin aiki. Ki nemi mata uku ko huɗu a zumunta da za su ɗauki iyalin a addu'a da ɗan abin da za su iya bayarwa kowane wata, a rubuta sunayensu, a sa wadda za ta riƙa tarawa tana aikawa a kan lokaci.